Buhu Uku, Uba Ɗaya

Shekara biyu da 'yan watanni ke nan da dawowata, kuma ban riƙe littafin rubutu a can ba, saboda haka duk abin da zan faɗa daga ka yake fitowa. Wasu ranakun sun haɗe mini da juna. Yawancin maganganun ma da Larabci aka yi su, Larabcin da a lokacin rabinsa kawai nake kamawa, ragowar kuma ina cike shi da abin da na gani a fuskar mai magana. Inda na tabbata zan ce na tabbata. Inda ban tabbata ba, zan yi ƙoƙari in nuna.

Sunana Habibu, mutumin Fassi ne ni, ta ƙasar Kibiya. Ilimin ƙasar noma na karanta a jami'a. Bayan hidimar ƙasa na zauna a gida shekara uku ina rubuta takardun neman aiki, har wani eja mai kai mutane aiki ƙasar waje a Kano ya ce ana neman mai kula da gonar dabino a Saudiyya, wanda ya san ƙasa da taki. Sau huɗu na karanta takardar kafin in sa hannu. Sai daga baya na lura fassarar da aka liƙa mata ce nake ta karantawa, ba ita kanta ba.

A Jidda babu gona. Wanda ya ɗauko ni daga filin jirgi ya karɓi fasfona, ya ce za a yi rajista, ya kai ni wani ɗaki a bayan gari inda na tarar da mutum bakwai, ko takwas, kowa da irin takardata. Su suka koya mini kalmar kafili, wato mutumin da sunansa ke kan takardar zamanka, wanda ba ka aiki ko canja aiki sai da yardarsa. Namu sau ɗaya na taɓa ganinsa, daga cikin mota. Ba shi da gona, ba shi da shago. Mu ne sana'arsa, yana ba da mu haya.

Wata biyar na yi a wani sito kusa da tashar jiragen ruwa, ina dakon buhunan shinkafa. Ba zan ja labarin wannan wuri ba. Abin da ya fi tsaya mini shi ne duk ranar da aka kira ni daga gida sai in fita waje in tsaya kusa da wasu bishiyoyin dabino guda biyu na bakin titi, don in aka ce in nuna gonar a waya in sami abin nunawa.

A wannan lokacin ne na san Hajiya Dije. Tana sayar da tuwo a gidanta ranar Juma'a, a wata unguwa da Hausawa suka yi yawa. Hajji ya kawo ta tun tana da ƙuruciya, ba ta koma ba. Ranar farko ta dube ni tana zuba miyar kuka.

"Kai ɗan ina ne?"

"Fassi, Hajiya."

"Fassi ta Kibiya? Ashe ɗan ƙauyenmu ne. Ni 'yar Dawaki ce, ta Rano. Ku da sai kun zo wajenmu kuke ganin kwalta."

"Yanzu muna da tamu, Hajiya."

"To me ya fito da kai, tunda kun yi kwalta?"

Ta ƙara mini tsokar nama ɗaya, ta ce in daina cin abinci kamar wanda ake jira a waje. Tun daga ranar ba ta kira ni da sunana ba, sai ɗan Kibiya.

Daga sito kafilina ya mayar da ni wani wuri da ake suyar gahawa, a cikin gari. Na wani matashi ne Balarabe, zan kira shi Abu Rayyan. Aikina shara, da ɗaukar buhu, da cika ƙananan jakunkuna. Ni a da abin da na sani shi ne kofi na gwangwani da mai shayi ke ɗiba da bakin cokali, sai gahawar Larabawa mai kayan ƙamshi. Wannan wani abu ne dabam. Kowane buhu yana da takarda ɗinke a bakinsa: ƙasa kaza, yanki kaza, ƙauye kaza, tudun wurin ya kai kaza. Ba a haɗa wani da wani. Da Turanci suke kiran irinta, ni kuwa a raina na sa mata suna mai asali ɗaya. Mutane kan zo daga nesa su tambayi ta wani ƙauye da ba su taɓa zuwa ba, su zauna su sha ba sukari, suna lumshe ido.

Mai suyar wani dattijo ne Bahabashe, mutumin Jimma, sunansa Jamal. Ammi nake ce masa, wato kawu. Da ya ji na yi jami'a sai ya riƙa kirana Muhandis, wato injiniya, musamman in ina riƙe da tsintsiya. Duk safiya yakan jera kofuna a kan dogon tebur, su ɗanɗana shi da Abu Rayyan. A ɗebo da cokali, a zuƙe da ƙara kamar mai shan kunu da zafi, a juya a baki, a tofar. Wata rana ya miƙo mini cokali. Na kasa. A gidanmu ba a zuƙar abu da ƙara a gaban manya, balle a tofar da shi. Na haɗiye a hankali, su biyun suka yi ta dariya.

"Muhandis, nan ba gidan surukai ba ne. Zuƙa. Me ka ji?"

Na ji su suna kiran sunayen wasu 'ya'yan itatuwa na ƙasashen sanyi da ban taɓa ci ba. Sai na ce, ban tabbata ba, amma wannan kamar ɗinya ce da ta nuna sosai, wancan kuma kamar jiƙon tsamiya, na ƙarshen yana barin wani abu a harshe irin na goruba. Babu wanda ya san ɗinya a cikinsu. Na nemo hotonta a waya. Ammi Jamal ya sake zuƙar kofin farko, ya daɗe bai tofar ba.

"Ban san ɗinyarka ba," in ji shi, "amma ba ƙarya kake ba."

Ina jin a ranar ne na fara son abin. Shekara biyar na yi ina karanta yadda jigawa ta bambanta da fadama, na ci jarrabawa a kai, ban taɓa tunanin mutum zai iya jin bambancin a bakinsa har ya tashi takanas ya nemo shi ba. A cikin kofi ɗaya akwai jar ƙasar wani tudu, da inuwar da ta rufe bishiyar, da ruwan saman wannan shekarar, da hannun da ya tsinko ya shanya. Ba a ɓoye shi a cikin taro ba. In ya yi kyau, an san na waye. In ya lalace, an san na waye. Ni da a takarda sunana ma'aikaci, a titi kuma ɗan Afirka kawai, wataƙila shi ya sa abin ya kama ni fiye da yadda ya kamata.

Bayan wata biyu Abu Rayyan ya ce yana so ya mayar da takardata hannunsa, in zama nasa, in koyi suya a wajen Ammi Jamal. A lokacin saura kamar mako shida takardar zamana ta mutu, kuma kafilina ya riga ya aiko cewa ba zai sabunta ba. Wato in Abu Rayyan ya karɓe ni, na zauna. In bai karɓe ni ba, sai gida, da hannuna biyu. Ya ce in bari a gama da wasu kaya da ke tafe, sai a je ofis.

Kayan buhu uku ne daga ƙasar su Ammi Jamal. Ranar Alhamis suka iso. Na ga ya kwance bakinsu ɗaya bayan ɗaya, yana cusa hannu, yana shinshinawa, yana murmushi shi kaɗai. Bai ce mini komai ba, ni ma ban tambaya ba. Aka jingina su a lungun sito, aka ce ranar Lahadi za a ɗanɗana.

Ranar Juma'a ba a buɗewa sai bayan la'asar, amma ni ke da makullin sito, kuma ina da ɗabi'ar komawa in duba ko na kulle abin da na san na kulle. Da hantsi na shiga, na tarar na'urar sanyaya ɗaki tana ɗiga, daidai kan buhunan nan uku. Saman kowanne ya jiƙe. Abin da na sani ne wannan: ƙwaya in ta sha ruwa aka bar ta a buhu, fumfuna ce. Na kira Abu Rayyan, wayarsa a kashe. Na kira Ammi Jamal, bai ɗauka ba. Tamfol ɗaya ne a siton.

Ina so a san ban yi abin da ka ba. Na tsuguna na karanta takardun, sau biyu. Ƙasa ɗaya. Yanki ɗaya. Ƙauye ɗaya. A ƙasa an rubuta sunayen manoma: Kadir Husen, Nasir Husen, Taha Husen. Na san a wajensu sunan uba ne ke biyo na ɗa, kamar mu. Wato 'yan'uwa uku, uba ɗaya.

A gidanmu gandu muke yi. Mahaifina da ƙannensa biyu suna da gona ta gindin dutse, da ta bakin rafi, da ta hanyar Fammar. Baba yana iya ɗaukar lomar tuwo ya ce wannan dawar ta gindin dutse ce, kuma ba ya kuskure. Amma da kaka rumbu ɗaya ake zuba duka. Ban taɓa ganin an ware na wane da na wane ba, kuma da wani ya ce a ware, da an ce yana neman raba gida. Saboda haka da na ga uba ɗaya, hankalina ya kwanta. Na ce a raina, ai wannan shi ne asali ɗaya na gaske, gida guda ne aka raba wa buhu uku don sauƙin ɗauka.

Na shimfiɗa tamfol, na juye su duka. Na baza da hannu kamar masara, ina juyawa, na kunna fanka. Na lura wasu ƙwayoyin sun ɗan fi wasu ja, ban ɗauke shi komai ba. Kafin azahar sun sha iska. Na raba daidai, na mayar buhu uku, na ɗaure, na janye su daga ƙarƙashin na'urar, na goge ƙasa. Na tafi masallaci ina jin na yi abin kirki. Ban ba kowa labari ba, don kada ya zama kamar ina neman yabo ana gab da zuwa ofis. Na dai ce na'urar na ɗiga, aka kira mai gyara.

Ranar Lahadi Ammi Jamal ya soya kaɗan daga kowane buhu, ya jera kofuna layi uku. Abu Rayyan ya zuƙi na farko, da na biyu, da na uku. Ya koma na farko. Ammi Jamal ma ya bi layin, na ga cokalin ya tsaya a hannunsa.

"Samfurin da ka kawo mini iri uku ne," in ji Abu Rayyan. Bai ɗaga murya ba. "Wannan abu ɗaya ne aka sa wa suna uku. Mutanenka sun mayar da ni yaro, ya Jamal. Ko da kai aka yi?"

Ina tsaye a bayansu da butar ruwan zafi. A wannan daƙiƙar na gane komai, wannan kam na tabbata. Bakina ya buɗe, ina jin har na ja numfashi. Sai na tuna mako shida sun koma uku. Ammi Jamal ya ajiye cokali, ya cire rigar aikinsa, ya ninke ta a kan tebur, ya fita. Ni na wanke kofunan.

Washegari bai zo ba. Da aka tashi cin abincin rana na hau mota zuwa gidan Hajiya Dije, ko da yake ba ranar tuwo ba ce. Tana tsince shinkafa a tire. Na ba ta labari tun daga ɗigar ruwa.

"Wa ya gan ka?"

"Babu kowa, Hajiya."

"To wa ya aike ka ka faɗa? Ɗan Kibiya, ka dube ni. Na ga masu gaskiya da yawa a garin nan, duk na raka su motar filin jirgi. Shi Bahabashen tsoho ne a ƙasar, yana da mutane, zai sami wani wurin. Kai wa kake da shi? Ni, da miyar kuka?"

"Ai ba shi kaɗai ba ne. Akwai manoman."

"Ka san su?"

"Sunansu kawai."

Ta ci gaba da tsintar tsakuwa. Can ta ce, "Uwarka ba za ta ci sunan Bahabashe ba." Bayan wani lokaci kuma ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Amma na san irinku. Ba za ka iya barci ba. Je ka yi abin da za ka yi, kada dai ka ce ni na sa ka."

Daga wajenta na koma sito, na ɗebo tafi ɗaya na zuba a tire, ina ƙoƙarin ware masu ja daga sauran. Na fi awa ɗaya. Abin da na ware bai cika ƙaramin kofi ba, kuma ko shi ban tabbata na mutum ɗaya ne ba.

Na kira Baba. Ban gaya masa abin da ya faru ba, tambayarsa kawai na yi: tunda yana gane dawar gindin dutse a baki, me ya sa bai taɓa ware ta ba?

"Don ta fi daɗi," in ji shi. "Ranar da aka ware ta, za a tambayi wa ya fi wahala a kanta. Daga nan sai kotu. Me ya kawo wannan magana? Dabinon lafiya?"

Na ce lafiya.

Na sami Abu Rayyan a ofishinsa na faɗa masa. Na shirya kalmomin da Larabci tun a hanya, amma da na fara sai suka watse, na ƙarasa da Turanci da hannu.

"Me ya sa ka haɗa su?"

"Ubansu ɗaya."

Ya yi wata 'yar dariya da ba ta daɗi ba, ya rufe fuskarsa da tafin hannu. Ya ce da na faɗa a teburin, da kuskure ne, kowa na yi. Ya juyo mini da wayarsa, ya nuna mini saƙon da ya riga ya tura wa dillalin da ya aiko da kayan: ya fasa sayen na baɗi, kuma ya gaya wa abokan sana'arsa biyu su yi hankali da wannan ƙauye. Ya ce zai sake rubutawa. Ban sani ba ko ya rubuta. Bai kore ni ba, bai zage ni ba. Maganar ofis ce kawai ba a sake yi ba, ni kuma ban iya tayar da ita ba.

Kafin in taho na nemi inda Ammi Jamal yake zaune. Na yi zaton ba zai buɗe mini ƙofa ba. Ya buɗe, ya shimfiɗa mini darduma, ya soya gahawa a ƙaramin kasko, ya dafa ta a tulun ƙasa irin nasu. Sai da na sha kofi na biyu ya yi magana. Ya ce 'yan'uwan nan uku maƙwabtan gidansu ne. Shekara da shekaru a wuri ɗaya ake zuba nasu, da sunan babban. Ƙaramin, Taha, shi ke da gonar da ta fi tudu, kuma shi yake shanya tasa da ɓawonta a kan gado na kara, yana juyawa mako uku. Shekara biyu Ammi Jamal ya yi yana lallashinsu su ware, yana kuma lallashin Abu Rayyan ya saya a ware.

"Wannan ne karo na farko da aka rubuta sunan Taha a bakin buhu," in ji shi. "Ya ce in ɗauko masa hoto in an jera ta a kantar shago."

Na ce ya yafe mini. Ya ce ruwan ba ni na zuba ba, tamfol kuma da shi ne wataƙila da bai yi saurin da na yi ba. Bai ce komai game da ranar Lahadi ba. Ya zuba mini na uku, ya ce a wajensu ba a tashi sai an sha shi.

Takardata ta mutu a ranarta. Kafilina ya dawo mini da fasfo a filin jirgi. Yanzu ina Fassi, ina noma tare da su Baba, ina kuma rubuta takardun neman aiki. A kasuwar Rano nakan tsaya wajen mai shayi in sha kofin gwangwani, ba na jin komai a ciki sai ɗaci da sukari, kuma babu wanda zan gaya wa abin da ya ɓace. Lambar Ammi Jamal ta daina shiga wata huɗu bayan dawowata. Ban san ko ya koma bakin aikinsa ba. Ban san ko an sake sayen gahawar Taha da sunansa ba, ko an mayar da ita cikin ta yayyensa.

Akwai mutanenmu da suka zauna a Jidda a wannan lokacin, wasu sun ci tuwo tare da ni a gidan Hajiya Dije, wasu sun san wurin da nake nufi. Duk wanda ya ga na karkace a wani wuri, ina roƙonsa ya aiko mini da gyara ta hannun wanda ya buga wannan. Abu ɗaya na fi so a gyara mini. Abu Rayyan ya tura saƙon nan ne ranar Talata da yamma, na ga ranar a wayarsa da idona. Ni kuma a tunanina Laraba da safe na shiga ofishinsa, wato kwana ɗaya kacal na makara. Amma na lura duk lokacin da na ba da labarin nan, ranar tana ɗan matsowa kusa da Lahadi. Wanda ya san ranar da na yi magana, ya faɗa mini ita yadda take, ko da mako na gaba ne.